Ina ruwa ya fi cin ƙasa? Littafin aikinmu a yammacin Gombe, daminar 2024

18 ga Afrilu

Mako guda ke nan da ƙaramar Sallah, yau na koma bakin aiki. Zan riƙa ajiye abin da ake ciki a nan, don 'yan ƙungiyar manoman da muke aikin tare su san inda aka kwana, ni ma in samu inda zan dawo in ga kuskurena.

Ƙungiyar ta tara ɗan abin da ta tara. Niyyarta ta sayi saiwar ciyawar jema, ta rene ta a fadama da rani, ta dasa a gonaki don tare ruwa. Jemar ba za ta ishi kowa ba. Da aka zauna a ƙofar gidan mai unguwa aka ce ina za a fara, kowa ya rantse gonarsa ce ruwa ya fi yi wa ɓarna. Shi ne aka ce tunda ga ɗan gari yana karatun taswira a jami'a, a ba shi ya raba gardama. Na amsa da saurin baki. Sai da na koma gida na gane nauyin da na ɗauka: in faɗi inda ƙasa za ta fi tafiya tun kafin ruwan ya sauka.

Wurin yana yamma da garin Gombe, bayan Tumfure, a gindin tudun Akko. Duk wanda ya san Gombe ya san a cikin kwari take zaune. Ruwan da ya sauka a tudun yamma gangarowa yake yi ya ratsa gari ya nufi gabas, wajen kogin Gongola. Ƙasar kuwa rairayi ce, ka damƙa ta watse a hannu. Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1996 gidaje suke ta haurowa tudu, abin da yake gona jiya yau an kafa masa fulotai. Kwazazzaban cikin gari kowa ya san su, har da wanda aka gyara daga jami'ar jiha zuwa Malam Inna ƙarƙashin NEWMAP, shirin yaƙi da zaizayar ƙasa na Bankin Duniya. Namu ƙaramin aiki ne a can sama, inda ruwan yake fara taruwa.

27 ga Afrilu

Lissafin da zan yi amfani da shi sunansa RUSLE. Asalinsa na wasu Amurkawa biyu ne, Wischmeier da Smith, da suka tattara awon shekaru da yawa na ƙananan filayen gwaji suka fitar da ƙa'ida a 1965, suka gyara ta a 1978, wasu kuma suka sabunta ta a 1997. Abu biyar ake ninkawa da juna: ƙarfin ruwan sama, sauƙin zaizayar ƙasar wurin, tsawo da tsananin gangare, abin da ya rufe ƙasa, sai dabarar tare ruwa da manomi ya yi. Abin da ya fito shi ne tan nawa na ƙasa kadada guda take asara a shekara.

Filin da aka gina ƙa'idar a kansa tsawonsa mita 22.1 ne, gangarensa kashi 9 cikin 100, ba shuka ba ciyawa, ana nome shi daga sama zuwa ƙasa. Kowace gona a duniya da wannan filin ake gwada ta. Na rubuta wannan da jan biro a bangon littafina, don kada in manta cewa ma'aunin da nake riƙe da shi a gonakin Amurka aka yanka shi.

9 ga Mayu

Bayanan ruwan sama sun ba ni wahala. Na rubuta wa wani ofishi takarda tun watan azumi ina neman awon shekarun baya. Na je sau uku, kullum mai makullin ya fita. Da aka ba ni daga ƙarshe, jimillar wata-wata ce, kuma wasu shekarun an bar gurbinsu fari fat.

Jimillar wata ba ta faɗa maka komai game da zaizaya. Milimita 40 da suka sauka cikin rabin awa da iska da tsawa, da milimita 40 da aka wuni ana yayyafinsu, a takarda abu ɗaya ne, a gona kuwa sama da ƙasa. Shi ya sa ƙa'idar take son a ɗauki kowane ruwa shi kaɗai, a lissafa ƙarfin dukan da ya yi wa ƙasa, a ninka da mafi tsananin minti 30 ɗinsa. Ruwan da bai kai milimita 12.7 ba galibi ba a ma sa shi cikin lissafi. Norman Hudson, wanda ya yi aiki a Zimbabuwe, ya lura cewa ruwan da saurinsa bai kai milimita 25 a awa ba bai cika cin ƙasa ba, kuma a ƙasashe masu zafi kusan kashi 40 cikin 100 na ruwan shekara yana wuce wannan saurin, alhali a ƙasashe masu sanyi bai fi kashi 5 ba. A nan gida ma Kowal da Kassam sun auna ƙarfin ruwan Samaru ta Zariya a shekarun 1970, suka nuna ɗigon ruwanmu manya ne, dukansu ya fi wanda lissafin Turawa yake zato.

To, abin da ke hannuna uku ne. Akwai CHIRPS, awon tauraron ɗan'adam na kullum-kullum tun daga 1981, amma kowane gida nasa, wato ɗan yankin da yake ba wa awo guda a taswira, faɗinsa kusan kilomita 5 ne. Akwai IMERG da yake ba da na kowane rabin awa, shi kuma gidansa kusan kilomita 10, wato duk yankin aikinmu ya shige ciki har da sarari. Sai kuma gajeriyar hanyar Eric Roose, Bafaranshen da ya daɗe yana awo a Kwaddibuwa da maƙwabtanta, wanda ya ce a yawancin Afirka ta Yamma ka raba ruwan shekara biyu, ka samu ƙarfin zaizayarsa a ma'aunin Amurka. Ruwan Gombe yana tsakanin milimita 800 da 1,000 a yawancin shekaru. Zan fara da ta Roose, in riƙa gwada ta da sauran. Na kuma ciji yatsa na sayi ma'auni mai 'yar guga a ciki, wadda take kifewa duk lokacin da milimita 0.2 ta taru, tana rubuta lokaci. Na kafa shi a kan rufin shagon ƙanina.

14 ga Mayu

Mun wuni muna kafa alamomi. Guntayen rodi ne, kowane an buga shi a ƙasa an bar taƙi guda a waje, an shafa jan fenti daidai inda ya haɗu da ƙasa. In ƙasa ta tafi, za a ga farin ƙarfe a ƙarƙashin fentin. Kusa da kowane rodi na kifa marfin kwalbar lemo guda uku.

Dattijon da ya fi kowa daɗewa yana noma a wurin ya biyo mu da sandarsa yana kallo. Da ya ga ina danna marafan sai ya ce, “Ɗana, wannan kuma wane irin tsubbu ne?”

Na ce, “Baba, laima ce na yi wa ƙasa. In ruwa ya daki ko'ina, nan ƙarƙashin ba zai daka ba.”

Ya yi shiru, sannan ya nuna min gindin wani gawo da sanda. Saiwoyinsa a waje suke, har akuya za ta iya shigewa ta ƙarƙashi. Ya ce lokacin da aka yi masa aure, a kan ƙasa ake zama a gindin bishiyar nan, ba a ganin saiwa ko ɗaya. Na ɗauki hoto na auna. Wannan awon shekara kusan hamsin ne, kuma ban biya ko sisi ba.

23 ga Mayu

Jiya da la'asar sakaliya hadari ya taso daga gabas, guguwa ta fara zuwa da jar ƙura, sannan ruwa kamar da bakin ƙwarya. Bai kai awa guda ba ya ɗauke. Da asuba na fita.

Kowane marfi na same shi zaune a kan 'yar hasumiyarsa ta ƙasa, kamar an gina masa kujera. A gonar da aka share tas aka ƙone, tsayin hasumiyar ya kusa kaurin tsinken ashana biyu. A gonar da ke maƙwabtaka da ita, inda mai ita ya yi kasala bai kwashe karan bara ba, da kyar ka ga bambanci. Saman gonar da aka share ya yi ɓawo sumul kamar an yi daɓe, na zuba ruwa daga gora ya tsaya yana kallona kafin ya gangara. Ɗigon ruwa ne ya farfasa ƙasar, ƙananan ƙwayoyin suka toshe ƙofofin da ruwa zai bi ya shiga.

Ga lissafin da na yi wa matasan da suka raka ni, don sun ce wannan ɗan abin ai ba komai ba ne. Milimita ɗaya tak idan ta tafi a kadada guda, ƙasa ce mai cika kubik mita 10, nauyinta tan 14 zuwa 15. Tifa guda ke nan ko biyu, ya danganta da girman motar. Da a ce da dare wani ya shigo da tifa ya ɗebi saman gonarka, da har gaban alƙali sai kun je. Kuma saman ne mai taki.

3 ga Yuni

An zare rodina, saura kaɗan. 'Yan jari-bola ne, ba sai an faɗa ba. Laifina ne da na shafa musu jan fenti, kamar na yi musu alama. Na so in koma turakun itace, Baba ya ce gara za ta cinye su kafin marka. Mun yanka bututun roba mun cika da siminti. Babu mai sayen wannan a kilo. Awon mako uku ya tafi, sai abin da marafan kwalba da hotuna suka riƙe min.

20 ga Yuni

Hutun babbar Sallah ya ba ni damar zama da kwamfuta, taswirar farko ta fito a manhajar zana taswira ta QGIS. Tsayin ƙasa na ɗauko daga SRTM, awon da aka yi daga sararin samaniya, yanayin ƙasa daga iSDAsoil, taswirar ƙasar noma ta Afirka, na gyara shi da gwajin kwalba da na yi a gida: ka zuba ƙasa da ruwa ka girgiza, yashi ya kwanta cikin minti guda, turɓaya ta biyo bayan 'yan awoyi, yumɓu ya kwana yana yawo a sama. Kusan duk kwalabena yashi ne ya fi rabi nesa ba kusa ba.

Taswirar ta yi kyau a ido. Jikin tudu ja wur, gonakin tsakiya ruwan ɗorawa, fadama kore. Na buga ta a babbar takarda na kai ƙofar mai unguwa ina jin kaina.

Baba ya sa aka juya masa ita har gabas ta dubi gabas, ya daɗe yana bi da yatsa. Ya ce, “Jan nan duwatsu ne. Me ruwa zai ɗauka a wurin? Ya gama ɗauka tun zamanin kakana.” Sannan ya dangwala yatsa a tsakiyar ruwan ɗorawar, inda taswirata ta ce lafiya lau. “Nan fa? Ina burtali?”

Babu burtali a taswirata. Hanyar shanu ce da ta gangaro daga tudu ta ratsa gonaki, kofato ya daddaɓe ta shekara da shekaru har ta zama kwalbati. Faɗinta bai wuce taku huɗu ba. Taswirar tsayin ƙasar da na dogara da ita kowane gidanta mita 30 ne, kuma a Fabrairun 2000 aka ɗauke ta daga kumbon Endeavour. Abin da bai kai mita 30 ba ba ta ganin sa, abin da aka gina cikin shekara 24 da suka biyo baya ba ta san da shi ba. Na naɗe takardata. Ban ji daɗi ba a lokacin, amma wannan yinin ne aikin ya fara zama aiki.

6 ga Yuli

Na bi burtalin da ƙafa daga sama har ƙasa da GPS na waya, na bi hanyoyin ƙafa uku, na bi sabon layin gidajen da aka yi a gefen tudu. Na sa su cikin taswira da hannu a matsayin magudanai, na kuma sauya zuwa taswirar tsayi ta shirin Copernicus na Turai, wadda aka tattara tsakanin 2011 da 2015. Ita ma mita 30 ce, amma ta fi kusa da yau.

Gidajen nan sun tsaya min a rai. Rufin kwano mai faɗin mita 100 murabba'i, in aka yi ruwan milimita 30, lita 3,000 yake zubarwa, durom 15 ke nan, kuma ko ɗigo ba ya shiga ƙasa. Babu lambatu a layin. Kowa ya fasa katangarsa ya saki ruwansa waje, duk su haɗu su faɗa burtali. Manomin da ke ƙasa yana karɓar ruwan gida talatin bai sani ba, yana cewa damina ce ta canza.

29 ga Yuli

Gero ya rufe ƙasa, wake ya fara yaɗo. Turakun gonaki kusan sun tsaya cak, ko da yake ruwan watan nan ya fi na Mayu da Yuni yawa. Na so in auna korewar gonaki da hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2, masu zuwa duk kwana biyar, amma gajimare ya rufe kusan duka. Na koma tsohuwar hanya: igiya mai ƙulli ɗari, ka miƙe ta a gona, ka ƙirga ƙulli nawa suka faɗa kan ganye ko kara.

Abu ɗaya ya fito fili ko ba kwamfuta. A gonakin nan yawancin ƙasar da ke tafiya tana tafiya ne daga ruwan farko zuwa lokacin da shuka ta kai gwiwa. Wanda ya ɗauki korewar watan Agusta ya ce ita ce ta shekara duka, ya yaudari kansa. Na raba lissafin wata-wata.

Kunya ma na sake dubawa. Masu huɗa da shanu da yawa suna bin gangare ne, don shanun sun fi saurin tafiya kuma ruwa ba ya kwanciya a gona. Kowace kwarin kunya ta zama ɗan rafi. Waɗanda suka gitta kuma, inda ba su daidaita ba, ruwa ya taru a wuri guda ya fasa kunya biyar a jere. Lissafin yana ba wa duk mai gittawa maki mai kyau. Ni ban ba wa kowa ba sai na je na gani.

19 ga Agusta

Marka ta kankama. Kwana uku ana yi ana ɗaukewa, ƙasa ta sha har ta ƙoshi. Daren jiya ƙanina ya kira ni wajen ƙarfe biyu, ya ce, “Yaya, ramin burtali ya ci gaba, mun ji faɗuwarsa daga gida.”

Da gari ya waye na je. Kan kwazazzabon, inda burtali yake zuba ruwansa, ya ja baya ya cinye turakuna biyu da na kafa a matsayin shaida, ya haɗa da layin gero huɗu. Na sauka ciki ta gefe. Bangon ya fi ni tsayi. Sama akwai ɗan tauri kamar kamu ɗaya da saiwoyi suka riƙe, ƙasa da shi kuwa farin yashi ne da yake zubowa in ka taɓa da yatsa. Ruwa yana faɗowa daga sama ya ƙwaƙule gindin, saman ya rage a rataye kamar rumfa, sai ya karye. Wani gero yana nan a tsaye a kan ɓaraguzan da suka faɗo, ganyensa kore shar, bai san an raba shi da gona ba.

A nan ne dole in faɗi iyakar abin da nake riƙe da shi. RUSLE ba ta lissafa kwazazzabo. An gina ta ne don ƙasar da ruwa ke sharewa a shimfiɗe da ƙananan zirara. Har ma tana ba wa yashi maki mai sauƙi, don yana shan ruwa, alhali yashin nan da ya samu ruwa mai gudu narkewa yake kamar sukari a shayi. Na ga rahotanni da yawa da aka buga jar taswirar RUSLE aka ce ga inda kwazazzabai za su ɓalle. A ganina wannan ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Ƙasar da ta faɗi daren jiya a wuri ɗaya ta fi abin da turakuna suka nuna a gonaki da dama tun Mayu.

Don haka taswira biyu zan yi. Ɗaya ta sharar saman gona, ɗaya ta inda ruwa ke taruwa: faɗin filin da ke zuba ruwa a kowane wuri, da gangaren wurin. Inda biyun suka yi yawa tare, nan ne abin tsoro.

12 ga Satumba

Ban yi aiki ba kwana biyu. Hankali yana Maiduguri, inda madatsar Alau ta ɓalle ranar 10 ga wata ruwa ya shiga gari. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara. Na zazzage bayanan ma'aunina kawai. IMERG yana kama ranar da aka yi ruwa, amma yana baje tsananinsa, ruwan da ma'aunina ya ce ya zuba cikin minti 40 shi sai ya shimfiɗa shi a awoyi. Zan dogara da shi wajen ƙirga ranaku, tsanani kuwa sai nawa.

21 ga Oktoba

An yi zaman ƙungiya. Ban kai musu tan-tan ba, don awon damina ɗaya da 'yan turaku ba su isa in rantse da adadi ba. Jeri na kai: wuri na ɗaya, na biyu, na uku. Na ɗaya shi ne saman burtali da gonaki huɗu da ke gefensa. Na biyu ƙasan sabon layin gidaje. Jikin tudu da ya fi ko'ina ja a taswirar Yuni ya koma can ƙasa.

An yi hayaniya, don biyu daga gonakin huɗun ba na 'yan ƙungiya ba ne, ɗaya ma na wani ne da ke zaune a Kaduna. Wani ya ce shi ya ba da kuɗinsa ne don gonarsa. Baba ya bari aka gama, sannan ya ce masa, “Ruwan da ke cin taka daga ina yake zuwa?” Aka amince, ba da daɗin rai duka ba.

Maganar kara ce ta gagara. Na roƙi a bar ko kashi ɗaya cikin uku a kwance a gona har ruwan farko. Aka yi min dariya. Kara abincin dabba ne, danga ne, makamashi ne, kuɗi ne a watan Maris, kuma in ka bari shanun wani ne za su ci. Ba su yi ƙarya ba. Mutum biyu kawai suka yarda su gwada a rabin gona, da sharaɗin ni zan yi magana da makiyaya. Na ba su labarin Maraɗi, inda manoma suka koma barin kututturan gawo da sabara su tofo a gona tun shekarun 1980, da duwatsun da ake jerawa a gitte a yankin Tawa. Sun saurara, amma na ga alama sai sun ga na maƙwabci.

Mai unguwa ya ce a rubuta wa ofishin ACReSAL na jiha, shirin farfaɗo da ƙasar noma na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Kwazazzabon ya fi ƙarfin jema, yana son injiniya. Zan haɗa taswirar ta biyu da hotunan Agusta a cikin takardar.

16 ga Nuwamba

An dasa jemar reno a fadama, ana ban ruwa. Dasawa a gona sai ruwa ya zauna, wajen Yuni, tsakanin saiwa da saiwa santimita 10 zuwa 15, a layin da ya gitta gangare daidai. Na aro tiyon awo na wani magini, mun gwada fitar da layi ɗaya da matasa uku, ya ɗauke mu rabin yini, na biyun bai kai awa biyu ba.

Saura in zauna da Ardo kan burtali, don ba za a tare hanyar shanu ba tare da an nuna musu inda za su bi ba. Saura in sake lissafin ƙarfin ruwa da awon ma'aunina maimakon na Roose, in ga ko jerin zai canza. Batirin ma'aunin ya mutu tun makon jiya, na sa ƙanina ya sauko da shi ya ajiye a ɗaki kafin ƙurar hunturu ta toshe shi. Zama da Ardo ranar kasuwa mai zuwa, Baba ya ce zai raka ni.